Katin inshorar lafiya na ma'aikata: abin da ya ɗauke mini da abin da ya bar mini

Duk sabon ma'aikacin da aka turo ofishinmu, kafin ya gama sanin hanyar masallaci sai ya zo teburina da tambaya ɗaya: Malam, wannan katin inshorar lafiya yana aiki kuwa, ko takarda ce kawai? Ni suke tambaya saboda na daɗe da shi, kuma gidana gidan yawa ne, ba ma rabuwa da asibiti. Amsar da nake ba su ba ta canzawa. Je ka yi rajista tun yau, amma kada ka kuskura ka tafi asibiti da katin kaɗai babu kuɗi a aljihu.

Tsarin tsoho ne. An yi dokarsa a 1999, aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Obasanjo, da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka soma. A lokacin sunan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIS, yanzu NHIA. Kai ne za ka zaɓi asibitin da kake so, a buɗe maka fayil a can. Tsakaninka da asibitin akwai kamfani, irin waɗanda ake kira HMO, ta hannunsa kuɗi ke bi. Ganin likita ba ka biya, gwajin jini na yau da kullum ba ka biya, magani kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa ne naka. A takarda ke nan.

Bari in fara da alherinsa, don ba na son a ce na ci tuwo na ɓata sunan mai tuƙi. Haihuwar autan uwargidana ta zo da gardama, likita ya ce sai an yi aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin tiyata ya san abin da ke biyo bayan wannan maganar: a miƙo maka takarda, a ce je ka biya kafin a taɓa ta, kai kuma ka hau kiran 'yan uwa da tsakar dare. A wannan daren na ga wani bawan Allah yana cinikin babur ɗinsa a waya, a ƙofar ɗakin haihuwa, mai sayen ma ya gane a matse yake sai taya shi yake da arha. Ni ba a ce in kawo kuɗin aikin ba. An yi, an kwantar da ita, an sallame ta, abin da ya fita daga aljihuna bai wuce na 'yan magunguna da abinci ba. Awon cikin ma tun farko a cikin katin aka yi. Wannan kaɗai ya isa in ce katin ya biya kansa, kuma duk ƙorafin da zan yi a ƙasa a karanta shi da wannan a rai.

Sai dai ko a daren, sai da muka jira lamba. Duk abin da ya wuce ƙaramin magani, ko aiki ne ko ganin babban likita ko turawa wani asibiti, sai kamfanin ya bayar da lambar izini. Ma'aikaciyar teburin inshora tana ta kira ba a ɗauka, ta aika saƙo shiru. Na ce, Sista, yanzu in ba su amsa ba fa? Ta ce, Alhaji, mu dai yi addu'a. Allah ya sa likitan mai tausayi ne, ya ce a shiga da ita, lambar ta biyo baya. Ba kowane asibiti ne zai yi haka ba, domin idan kamfani ya ƙi biya asarar a kansu take.

Inda katin ya fi ba ni haushi shi ne tagar magani. Likita zai rubuta huɗu, mai bayarwa ya duba takardar, ya duba tambarin inshora a fayil, ya miƙo maka farasitamol da maganin ƙarin jini, ya ja layi a ƙarƙashin sauran biyun. Alhaji, waɗannan babu, sai dai a waje. Kullum masu tsadar ne babu. Kuma na sha ganin wanda ke bayana, mai biyan kuɗi hannu, an ɗauko masa irin maganin da aka ce mini ya ƙare.

Da farko na ɗauka wulaƙanci ne kawai. Wani akawu da ya yi aiki a asibitin kuɗi shi ya zaunar da ni ya yi mini lissafin. Asibiti ba ya karɓar kuɗin kowace zuwa da ka yi. Ana ba shi wani abu ne ƙayyadadde a kan kowane mutum duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba. Shekara da shekaru wannan kuɗin naira 750 ne. Wato mutum shida na gidana, naira 4,500 a wata. Daga ciki za a ga likita, a yi gwaji, a bayar da magani. Naira 750 kuwa ba ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro mai kyau ko kwali ɗaya a kemis. Daga 2023, da aka cire tallafin fetur naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ma ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, abin shaƙa na masu asma da nake saya wa 'yata ya ninka har na daina ƙirgawa. Kuɗin da ake ba asibiti kuwa ya daɗe yana nan inda yake. To mai asibiti ɗan kasuwa ne. Idan duk zuwanka asara ce gare shi, ba zai kore ka ba, amma zai sa ka gaji da zuwa. A 2025 hukumar ta ɗaga kuɗin zuwa naira 1,450. Na ga ɗan sauƙi a tagar, ba zan ɓoye ba, yanzu maganin zazzaɓi yakan samu. Layin da ake ja a ƙarƙashin masu tsada dai bai ɓace ba.

Akwai abubuwan da tun a ƙa'ida rabi ne naka, kamar babban hoton nan na kwamfuta da ake yi wa kai ko ciki. Wankin ƙoda kuwa 'yan zuwa kaɗan ne a ciki, mai ciwon ƙoda na dindindin kada ya dogara da katin nan ko kaɗan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya zana wannan gidan bai taɓa shiga zauren Bahaushe ba. Ina da mata biyu. Ranar cika fom sai da na zauna da biro a hannu ina tunanin wa zan rubuta, wa zan bari, kuma duk mai mata biyu ya san wannan ba maganar lafiya ba ce kaɗai, maganar adalci ce da za ta biyo ka har ɗaki. Na rubuta uwargida don ita ce ta farko a gidan, yara kuma na zaɓi ƙanana da mai asma. Sauran ana iya ƙara su, amma da kuɗi daban a kan kowane kai duk shekara. Amarya ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Daga baya na biya aka sa ta.

Sannan ga Inna. A gidanmu ba wanda ke shan magani kullum sai ita, hawan jini da suga, kuma ita ce katin bai sani ba. Ga ɗan ƙanena marayan da ke hannuna, shi ma ba ɗan cikina ba ne, don haka ba ya ciki. Mu nan dawainiyar mutum ba ta tsaya a kan matarsa da 'ya'yansa ba, albashi ɗaya yakan riƙe gida uku. Ni kaina ranar da na yi ritaya, lokacin da gwiwa da ido za su fara neman likita, sai na nemi wani tsarin na saya da kuɗina.

Wani zai ce ai ka gode wa Allah, kana cikin 'yan gata. Gaskiya ne. Masu inshorar lafiya a ƙasar nan wajen miliyan 20 ne, cikin mutane sama da miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na marasa galihu, aka ambaci mutum miliyan 83. Kafin ita akwai dokar lafiya ta 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da talakawa. Jihohi ma sun buɗe hukumominsu na taimakekeniya. Dokokin ba su da laifi. Amma mai shayin bakin ofishinmu bai san wajibi ne a kansa ba, kuma ba wanda ya zo ya gaya masa. Inshora adashi ce, idan masu zubi kaɗan ne kwasar ma kaɗan za ta zama, shi ya sa kuɗin da ke isa asibiti ba ya sayen magani. Gwamnatin da ta karɓi baƙuncin taron Abuja a 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, ita kanta ba ta cika alkawarin ba.

Ina da ɗan uwa a zangon Kumasi, tela ne, ba ya aikin gwamnati, amma yana da kati. Gana ta yi tata dokar a 2003, kuma mafi yawan kuɗin daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kayan saye yake fitowa, don haka duk wanda ya shiga kanti ya yi zubi ko bai sani ba. A wayarsa yake sabunta katin, ya danna *929# ya biya. Shi ma yana ƙorafin ana ce masa magani babu, asibitocinsu ma suna kukan jinkirin biya. Bambancin shi ne can tela da mahaifiyarsa suna ciki, nan sai ka yi sa'ar aikin albashi ko ka san ƙofar da ake bi.

Ga sabon ma'aikaci, kada ka zaɓi asibiti don kyan gininsa ko don yana kusa da gida. Je ka zauna a benci kusa da tagar magani da safe, ka tambayi masu fitowa da fayil mai tambarin inshora nawa aka rubuta musu, nawa aka ba su. Ka tambaya ko akwai mai kula da teburin inshora da daddare da ranar Lahadi. Ka ajiye lambar kamfaninka a waya, ka ba matarka ita ma. Idan asibitin bai yi maka ba, bayan wata shida kana da damar canzawa, ni ma na canza, kuma na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Maganin Inna kuwa har yanzu a kemis nake saya duk ƙarshen wata, ni da ƙanwata muke raba kuɗin.