Inshorar nakasa a Sakkwato: wa zai biya ka ranar da ƙafa ta ƙi taka ƙasa?

Duk mai tallar inshora da ya shigo shagonka da zancen mutuwa yake farawa: in ta Allah ta kasance, iyalinka za su sami kaza. Ba kasafai suke tsayawa kan abin da ya fi girgiza gida ba, wato mutum yana raye, yana ci yana sha, yana neman magani, amma hannun da yake ci da iyali da shi ya tafi. Ɗan kabu-kabun da mota ta kwashe a hanyar Wamakko, mai walda da tartsatsi ya ɗauke wa ido, leburan da ya faɗo daga bene, direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela. Su ne suka fi kowa bukatar kariya, kuma su ne aka fi yi wa jeka-ka-dawo ranar neman diyya. Don haka ma'aunina guda ne: ranar da abin ya faru, wa zai biya, kuma da waɗanne takardu?

Bari mu fara kawar da waɗanda ake ruɗar mutane da su. Inshorar lafiya, ko ta hukumar NHIA ko ta SOCHEMA ta jiharmu, abu ne mai kyau, amma kuɗin asibiti take ɗauka, ba ta saka maka tukunya a wuta. Inshorar mota ta dole, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, wanda ka buge take biya, kai direba ba ka ciki. Inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, mai ninki 3 na albashin shekara, ta magada ce, sai in an ƙara sharaɗin nakasa a rubuce. Wadda banki ke manna wa bashi kuwa, bankin take ceto. Asusun fansho ana iya buɗe shi kafin shekara 50 idan likitoci sun tabbatar ba za ka iya aiki ba, sai dai kuɗinka ne aka miƙo maka, abin da ka tara shi za ka gani. Adashe da karo-karon ƙungiya, Allah ya saka wa masu yi, amma haɗari ɗaya babba yakan kwashe asusun kakaf.

Idan kai ɗan albashi ne, kafin ka kashe ko sisi ka bincika maganar NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, kuma dokar ta hana shi ya cire daga naka. Wanda ya nakasa gaba ɗaya a dalilin aiki, doka ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Har haɗarin da ya same ka a hanyar gida zuwa wurin aiki yana ciki, da cutar da aikin ya jawo, irin kurumta daga ƙarar inji. Babu wani kamfani a kasuwa da zai sayar maka da irin wannan. Amma akwai wa'adi: ka sanar da mai aikinka cikin kwana 14, shi ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta zagayo. Matsalar ita ce makarantu masu zaman kansu, gidajen mai, gidajen burodi da ƙananan 'yan kwangila da yawa ba su yi rajista ba, ko sun yi sun daina zubi. Ka nemi a nuna maka takardar shaidar zubin bana. In an yi gardama kan diyya, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke sauraron ƙara, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Ɗan kasuwa mai cin gashin kansa, da tela, da mai agwagwa da buje, wato keke-napep, a aikace wannan ƙofar ba ta cika buɗe musu ba.

Saura biyu ke nan ga mai sana'ar hannu: inshorar haɗarin jiki ta kamfanonin da aka saba, da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Ta farko ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Akwai kamfanoni masu biya, ban musa ba, amma duk nairar da suka hana ka riba ce a wurinsu, ga kuma maganar kuɗin ruwa da rashin tabbas a ciniki da ta sa malamanmu suka daɗe suna ja da baya.

Ni takaful nake ba mutane shawara, musamman in a ƙungiyance za a shiga. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi, wasu suka biyo baya. Yadda yake tafiya shi ne, abin da ka zuba ana raba shi: wani kaso ladan wakilci ne na kamfanin da ke kula da asusun, sauran ya shiga asusun mahalarta a matsayin tabarru'i, wato kyautar da kowa ya bayar don a tallafa wa wanda jarrabawa ta faɗa wa. Daga wannan asusun ake biyan diyya. Ba a juya kuɗin a harkar ruwa, ko giya, ko caca. Kowane kamfani yana da majalisar malamai masu sa ido. In shekara ta ƙare aka sami rara, ana raba wa mahalartan da ba su karɓi diyya ba, in kuma asusun ya gaza, kamfanin ne zai ranta masa ba da ruwa ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, tun da ladan kamfani an riga an yanke shi, kwaɗayin hana ka haƙƙinka ya ragu. Ban ce ya gushe ba, shi ya sa yana da kyau ka tambaya ko kamfanin yana da kaso a cikin rarar, kuma nawa ne.

Akwai wani amfani da ba a rubuta shi a takarda. A garin Shehu, dattijo ba zai sa hannu kan abin da zuciyarsa ke ƙyama ba, kuma in ya ƙi, 'ya'yansa ma sun ƙi. Takaful yana cire wannan shingen, sai ka ga 'yan albasa, ko mahautan Kara, ko masu ɗinkin babbar kasuwa sun yarda sun shiga tare. Shiga tare kuwa ita ce ƙarfin talaka a wannan harka. Zubin kowane mutum yakan sauko, kuma kamfanin da zai iya wulaƙanta mutum ɗaya zai yi tunani kafin ya wulaƙanta ƙungiyar da za ta iya kwashe mambobinta gaba ɗaya ta koma wani wuri baɗi.

Sai dai son da nake yi wa takaful ba zai sa in ɓoye maka cewa takardarsa ma tana da ramuka irin na sauran ba. Na farko, haɗarin jiki haɗari ne kawai. Shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini, ko yanke ƙafa saboda ciwon suga, ko makanta daga hawan jinin ido, ba sa ciki sai in ka sayi ƙarin kariyar manyan cututtuka. Na biyu, jadawalin kaso. A yawancin takardu, rasa ido biyu ko hannu biyu shi ne kashi 100, ido ɗaya ko hannu ɗaya wajen rabi, yatsa kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In adadin da ka saya miliyan 2 ne, ido ɗaya miliyan 1 ke nan. To tela da ya rasa babban yatsa fa? A jadawali ƙaramin rauni ne, a rayuwa sana'arsa ce ta tafi. Ka tambaya ko "nakasa gaba ɗaya" a wurinsu tana nufin kasa yin sana'arka, ko kasa yin kowace irin sana'a, domin tazarar da ke tsakani ita ce ke raba wanda aka biya da wanda aka sallama hannu rabbana. Na uku, kuɗin mako-mako na lokacin jinya, wanda wasu takardu ke bayarwa har mako 104. Ga mai neman na yau ya ci yau, wannan ya fi dunƙulallen kuɗin amfani, domin dunƙulallen sau da yawa sai an jira wata 12 a tabbatar raunin ya zama na dindindin. Na huɗu, wanda ya shafe mu kai tsaye: kusan duk takardun suna cire yaƙi, tarzoma da ta'addanci. Mai bin kasuwannin Isa, Sabon Birni, Goronyo ko Rabah ya sa a rubuta masa baƙi da fari ko harbin 'yan bindiga a hanya yana ciki. Maganar baki ba ta da amfani a nan. Haka hawa babur: wasu sun cire shi ɗungurungum, wasu sai da lasisi da hular kwano.

Abin da ya sa nake nacin takarda, ƙanena ne. Mai gyaran wutar lantarki ne, ya shiga inshorar haɗari ta wani kamfani ta hannun wani ejan da ke zagayawa yana karɓar kuɗi hannu da hannu. Ya faɗo daga tsani, cinya ta karye. Inna ta ce a kai shi wurin mai ɗori, kamar yadda aka saba a gidajenmu, aka kai. Ƙashin bai zauna daidai ba, sai daga baya aka dangana da asibiti, kuma har yau ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Da muka je ofishin kamfanin, jami'in ya duba kwamfuta ya ce mini, "Malam, ka yi haƙuri, sunan ƙanenka ba ya cikin waɗanda suka sabunta bana." Yaron ya zaro 'yar takarda ya ce, "Yaya, ai na biya, ga rasit." Rasit ɗin na littafin da ake sayarwa a kasuwa ne, ba tambari, ba lamba. Jami'in ya ƙara da cewa ko da kuɗin sun shigo, babu rahoton likita na ranar farko, kuma an makara wajen sanarwa. Ejan ɗin kuwa ya rufe layinsa.

Don haka ka ji ni da kyau. Dokar inshora ta 2003, wadda ta 2025 ta maye gurbinta, ta tanadi ƙa'idar cewa in kuɗi ba su isa hannun kamfani ba babu kariya, kuma NAICOM ta tsananta aiki da ita tun Janairun 2013. Ma'ana, kuɗin da ka ba ejan ya sa aljihu, kamfani zai iya cewa ba ka biya ba. Kada ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ko da ɗan unguwarku ne, ko da a sahu ɗaya kuke salla. Asusun kamfani, da sunan kamfani. Bayan ka biya, ka kira lambar babban ofishinsu, wadda ka samo da kanka ba wadda ejan ya ba ka ba, ka karanta musu lambar takardarka su tabbatar. Ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM, in ta hannun dillali ne ka tabbatar yana da rajista da majalisar dillalan inshora, NCRIB. Takardun bogi sun cika gari. Wanda ya taɓa karɓar inshorar mota a gindin bishiya, ya shigar da lambar motarsa a shafin askniid na tantance inshorar mota bai ga komai ba, ya san abin da nake faɗa. Yanzu kuma 'yan damfara sun gane kalmar takaful tana buɗe zukata, sai su buɗe zaure a WhatsApp, su sa ayoyi da hoton masallaci, su ce zuba dubu biyu ka sami miliyan biyar in ka nakasa, har da kwamisho in ka kawo mutum uku. Araha ba ta ado. Takaful na gaskiya ba ya biyan ka don ka kawo mutane.

A ƙungiya ma akwai ɓaraka. Shugaba ya tara kuɗin mutum ɗari ya kai na sittin, ko sabon mamba ya biya amma ba a aika sunansa ba. Ku nemi jerin sunayen da kamfani ya buga wa tambari, a manna shi a ofishin ƙungiya kowa ya ga nasa.

Ranar haɗari, Allah ya kiyaye, asibiti za a fara nufa. Ban raina masu ɗori ba, akwai masu baiwa a cikinsu, amma babu kamfanin da zai karɓi shaidarsu. A je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na ƙashi da ke Wamakko, ko babban asibitin ƙaramar hukuma in shi ne kusa. A buɗe kati, a ɗauki hoton ƙashi, a adana kowane rasit. In haɗarin hanya ne a nemi rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗura. Wani daga cikin dangi ya sanar da kamfani a rubuce tun majinyaci yana kwance, a buga wa kwafinku tambarin karɓa, domin wa'adin sanarwa gajere ne, a wasu takardun bai wuce kwana 30 ba.

A nan ne wasu 'yan kamasho za su ɓullo, su ce sun san likitan da zai ƙara kason nakasa, ko sun san wani a ciki da zai fito da kuɗin in an ba su kashi ɗaya cikin uku. Ka guje su. Kamfani yana da nasa likitan da zai sake duba ka, kuma rahoton ƙarya yana rushe har haƙƙinka na gaskiya, ya bar ka da shari'a. Haka takardar da ake ba ka ka sa hannu cewa ka amince da diyya ka sallami kamfani: kada ka taɓa ta sai ka ga adadin a rubuce, ka gwada shi da jadawali, kuma likitanka ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. Mutum ya karɓi kuɗin karaya ya sa hannu, bayan wata biyu a yanke ƙafar, ya koma a nuna masa sa hannunsa.

In kamfani ya ƙi biya, ka ce a ba ka dalili a rubuce tare da sakin layin da suka dogara da shi. Ka haɗa wannan wasiƙar da takardar yarjejeniya, shaidar biya ta banki, rahoton likita da kwafin sanarwarka, ka aika sashen karɓar koke na NAICOM. Ba a biyan kuɗi a kai koken, kuma ba sai ka ɗauki lauya ba a wannan matakin. In takaful ne, ka aika kwafi ɗaya zuwa majalisar malaman kamfanin.