Madubin hangen nesan da ya ba ni kunya a bakin teku

Da a ce ranar farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba shi. Na sayi madubin nan, samfurin 10x50 (mai kusanto da abu sau goma), don tafiyar kallon tsuntsaye a yankin Norfolk na Ingila da muka shirya a watan Oktoba. A gonakin da ke kan hanya ya yi aiki yadda ya kamata. An riga an tone tushen da ake yin sukari da shi, sai ga dinyoyin nan masu ƙafafu ruwan hoda da ke zuwa daga Iceland da Greenland sun cika gona suna tsintar ragowar. Har launin bakinsu na gani, tas. Na ce wa abokina kuɗina sun halatta.

Ashe ban ga komai ba tukuna.

Abin da ya kai mu shi ne Snettisham, wani wurin kallon tsuntsaye a bakin teku, kuma sai ka daidaita da ranar da teku zai cika sosai, ba kullum ba ne. Ruwan yana hawowa ya cinye taɓon da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ke kiwo, sai su tashi dubbai a lokaci guda, suna murɗawa a sama kamar hayaƙi. Tun kafin asuba muka fito, muka taka doguwar tafiya cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, ga yayyafi. Suna tashi na ɗaga madubi: fari fat. Na goge da gefen riga, na sake gogewa, a banza. Raɓar daga ciki take! Alhali a jikin kwalin an rubuta ruwa ba ya shiga.

Wata tsohuwa da ke gefena ta ga ina ta fama, ta miƙo mini nata na ɗan lokaci, ƙarami da shi amma garau. Ita ta gaya mini masu kyau ana cika cikinsu da iskar naitirojin a toshe, shi ya sa ba sa yin gumi. Allah ya saka mata, da ba don ita ba da na dawo da labarin ƙarar fukafukai kawai.

Kwana uku ya yi kusa da na'urar ɗumama ɗaki kafin ya washe, kuma har yau akwai tabo a idonsa na hagu. Mai sayarwa kuwa cewa ya yi wai ni na jiƙa shi. A Ingila, ina ake zuwa kallon tsuntsu ba a jiƙe ba?

Ga nauyi kuma, igiyar ta kusa yanke mini wuya. Tauraro biyu, su ma albarkacin dinyoyin nan ne.