Na sayi kwafin hoton wata na 1852

Sati uku ke nan da isowar hoton da na yi oda ta intanet, kwafin hoton wata wanda John Adams Whipple ya ɗauka a 1852. A nannaɗe ya zo cikin kwali, gefe ɗaya ya lanƙwashe, sai da mai firam ya datse wajen. Na rubuta wa masu shagon, har yau shiru kake ji.

Shi kuwa hoton, ba ni da ta cewa. Watan bai cika ba, kuma a nan daɗin yake: a bakin da haske ke haɗuwa da duhu, ramukan sun fito raɗau, kowanne da inuwarsa. Akwai ɗan dishi-dishi da tabo nan da can, har mai ɗakina ta ce, "Malam, tsohon faranti ka rataya mana?" Ba ta san ta faɗi gaskiya ba. Asalin hoton a kan farantin jan ƙarfe yake, wanda aka shafe da azurfa, aka turara da aidin, sannan aka fito da surar da tururin zaiba.

Whipple mai hoto ne a Boston, sana'arsa ke nan. Madubin hangen nesan da aka ɗauki hoton da shi kuma na Jami'ar Harvard ne, mai faɗin inci 15, a hannun masanin taurari William Cranch Bond. Bond ya san sama, Whipple ya san faranti da haske. Kuma wata ba ya tsayawa a ɗauke shi. John William Draper, da ya riga su a New York a 1840, sai da ya bar faranti a buɗe kimanin minti 20. Wani hoton wata da su Whipple suka ɗauka kafin wannan, suka kai baje kolin Landan a 1851, har lambar yabo ya ciyo.

Inda na ga kasawa shi ne takardar. Irin wancan faranti kamar madubi yake, sai ka karkata shi kafin surar ta bayyana. Takarda ba ta da wannan ƙyalli, tawa kuma ta cika baƙi, wasu ramukan gefe sun nutse. Mai son saya ya nemi ƙarami a takarda mai sheƙi, don babban da na ɗauka ya tona dishi-dishin fiye da kima.

Daren jiya na fita tsakar gida na gwada da wayata. Farin ɗigo kawai na samu, kamar ƙwan lantarkin maƙwabta.