Firaimar Tamiya da fentinsu a kan ƙaramin jirgin Corsair, ga yadda na gan su

Jama'a masu harkar haɗa ƙananan jirage na roba, na gama F4U-1A Corsair na kamfanin Tamiya mai sikelin 1/48 (an rage girman ainihin jirgin sau 48), wato jirgin yaƙin nan na sojan ruwan Amurka mai lanƙwasassun fukafukai da kamfanin Vought ya ƙera, kuma da kayan fentin Tamiya na yi aikin gaba ɗaya. A taƙaice dai in kuɗinka abu ɗaya za su iya saya, to sayi firaimar, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin a sa kala, sauran ka lallaɓa.

Fine Surface Primer ce ta gwangwani, mai ruwan toka, mil 180. Wallahi laushinta ya burge ni, ta kwanta sumul kuma ba ta cike ƴan layukan jikin jirgin da ramukan ƙusoshi ba, ga shi tana tona asirin duk inda gam ya yi tudu ko haɗin ya bar tsaga, sai ka bi da samfefa mai laushi ka sake fesawa. Da na manna tef na ɓare, ko ɗigon fenti bai biyo shi ba. A waje ake fesa irin wannan fa, ba a ɗaki ba, warin tina ba wasa.

Dama ainihin jiragen ma haka aka yi musu. Jirgin da ke kwana a kan teku iskar gishiri ce ke cin alminiyam ɗinsa, shi ya sa a wancan lokacin Amurkawa suke fara shafa zinc chromate, wata firaima mai ruwan ɗorawa, in an zuba mata baƙi kaɗan ta koma kore, a Corsair na farko-farko ma har akwai wadda aka haɗa da jan fenti ta fito kamar ruwan hoda. Kalli hotunan wasu jiragen Japan na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da aka fesa wa kore kai tsaye a kan ƙarfe babu firaima, duk sun saɓule. Ni XF-4, fentin Tamiya mai ruwan ɗorawa da ɗan kore, na sa a madadin zinc chromate ɗin kuma a idona ta yi daidai.

Launin waje kuwa na bi tsarin kala uku da sojan ruwan suka kawo a 1943, shuɗi mai duhu a sama, shuɗi mai haske a gefe, fari a ƙasa, kafin a 1944 su koma shuɗi mai duhu mai ƙyalli tun daga hanci har wutsiya. Kalolin ukun a gwangwanin feshi na Tamiya, AS-8 da AS-19 da AS-20 ke nan. Kalolin sun fito da kyau, sai dai sabo fil suke nunawa, alhali jiragen da suka yi aiki a tsibiran Solomon rana da ƙurar murjani sun koɗar da su sosai, don haka na ɗan bi saman da shuɗin da na sirka da fari.

Inda na fi jin daɗi shi ne wajen tsufar da shi. Na shimfiɗa kalar azurfa, na ɗora XF-4, na fesa man feshin gashi na mata (eh shi fa, kar ku yi dariya), sannan shuɗin fenti na kwalba a gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, da ya bushe sai na jiƙa burushi ina gogawa a hankali, ɗorawar ta leƙo, can ƙasa azurfar ta leƙo, firaimar ko gezau. Amma don Allah kar ka fito da azurfa a bayan fiffiken waje, wurin nan a wannan samfurin yadi ne aka lulluɓa ba ƙarfe ba, ina ganin mutane suna yi abin yana ba ni haushi.

Matsala ɗaya tsada, ga gwangwanin feshi ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgin sama ba, nawa ta ruwa wani ɗan kasuwa ya kawo min kuma na sha jira. In lokacin hunturu ne kuma ka tanadi kwali ka kife aikin da zarar ka fesa, in ba haka ba ƙura ta zauna a kai. Yanzu ƙaramin Hellcat, wani jirgin yaƙin na sojan ruwan Amurka, nake nema, wanda ya san mai shigo da shi ya taɓa ni.