Sharhi Kan Gwajin Ƙwayoyin Gado Da Na Saya Ba Tare Da Likita Ba

Sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kuma ƙanwarta ma sai da aka yi mata aiki a kan wannan cuta, shi ya sa da na ga tallar wani kamfanin ƙasar waje mai gwada ƙwayoyin gado ta hanyar yawu, ban yi dogon tunani ba. Ta hannun wani dillali a nan Kano na saya, na biya kuɗin da ya kusa rabin albashina, kuma daga shi har kamfanin babu wanda ya tambaye ni dalilina, balle a zaunar da ni a bayyana mini abin da sakamakon zai iya nufi.

Wajen sauƙin amfani ba ni da abin kushewa. Ƙaramin kwali ne da 'yar kwalbar roba mai layi a jiki, ana so a tofa yawu har ya kai layin, bayan an yi rabin sa'a ba a ci ba a sha ba. Da yake lokacin hunturu ne bakina ya bushe, na fi minti goma ina fama kafin ya cika. Da na rufe murfin sai wani ruwa ya zubo daga cikinsa ya gauraya da yawun. Bayan mako bakwai saƙo ya shigo wayata.

Ɓangaren asali bai ƙare ni da komai ba, domin ce mini ya yi na fito daga Yammacin Afirka, alhali kakata tana iya lissafa kakanninmu da garuruwansu. Ɓangaren lafiya ne damuwata, kuma a nan na ga an rubuta da koren rubutu cewa ba a sami sauyin da ke jawo sankarar mama ba. Na yi hamdala, na kira yayata muka yi ta murna.

Murnar ba ta wuce kwana uku ba. Ƙanwar maigidana likita ce, da ta zo gaishe mu na miƙa mata wayar, ta karanta a natse sannan ta ce, “Yaya, wannan bai ce ba ki cikin haɗari ba, cewa ya yi ba su ga abin da suka duba ba, kuma abin da suka duba kaɗan ne.” Ta bayyana mini cewa ƙwayoyin gado biyu masu alaƙa da sankarar mama, BRCA1 da BRCA2, an san sauye-sauye fiye da dubu a cikinsu. Ta ba ni misali da kamfanin 23andMe na Amurka, wanda ba shi na yi amfani da shi ba, cewa a 2018 da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba shi izinin wannan gwaji, sauyi uku kacal ya shafa, waɗanda aka fi samu a jikin Yahudawan Ashkenazi. Na koma na duba ƙananan rubutun da ke ƙasan nawa sakamakon, sai ga irin wannan gargaɗi da Turanci mai tsauri, a inda ido ba ya saurin kaiwa. Da ba ta zo ba, da na yi watsi da zuwa asibiti, ni da tarihin gidanmu kaɗai ya isa a riƙa duba ni.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a bar cinikin nan sakaka ba. A Amurka ma sai da FDA ta dakatar da rahoton lafiya na kamfanin 23andMe a 2013, kuma sai a 2017 ta amince masa ya ba da rahoton haɗarin cututtuka goma. A Faransa haramun ne mutum ya yi wa kansa odar irin wannan gwaji, a Jamus kuma gwajin da ya shafi lafiya sai ta hannun likita. Mu muna da NAFDAC da majalisar da ke sa ido kan ɗakunan gwaje-gwajen lafiya, amma na juya kwalin nan gaba da baya ban ga lambar wata hukumar Najeriya ba. Ni dai ba na kiran a haramta, amma ya kamata a tilasta wa mai sayarwa ya faɗi iyakar gwajinsa da harshen da mai saye ke ji, ya kuma haɗa shi da ma'aikacin lafiya kafin a buɗe sakamako. Abin ya fi damuna idan na tuna da sikila. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, kuma ina tsoron ranar da saurayi zai nuna wa iyayen yarinya hoton manhaja a waya su ɗauka ya wadatar.

Sai batun sirri, wanda ban kula da shi ba sai daga baya. A 2023 an yi kutse a bayanan mutane kusan miliyan 6.9 na 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, aka shiga maganar wa zai gaji bayanan jama'a. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, sai dai yawuna yana wata ƙasa, kuma abin da ke cikinsa ba nawa ni kaɗai ba ne, ya shafi 'ya'yana da 'yan uwana waɗanda ban nemi izininsu ba.

Na rubuta wa kamfanin da ya yi mini gwajin ina neman su lalata samfurin su goge bayanaina, amsar na'ura kawai na samu, yau mako na uku ke nan. Ranar Talata mai zuwa ni da yayata za mu je asibiti a yi mana hoton mama.