Mutumin da ya yi wa libarbar Baffa kuɗi, ga yadda muka yi da shi

Baffanmu ya rasu bara a Hustan ta jihar Teksas, Allah ya jiƙansa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, saboda haka su Abba suna da kaso a gadon. Cikin kayan da aka lissafo har da wata libarba a akwatin katako da wuƙa a gefenta. Tunda hoton ya shigo gurup ɗin gidanmu magana ta tashi, wani yace ai kuɗinta zai sayi fili a Rijiyar Zaki, wani yace zinare ne a jikinta, shi kuwa malamin da zai raba gadon yace ba zai sa hannu ba sai an kawo mai ƙimarta a rubuce. Kawo ta Kano kam babu zancensa, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Shine Yaya, babbar 'yar Baffa, ta nemo wani dattijo a can wanda aikinsa kenan yiwa tsoffin bindigogi kuɗi.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, tun farko yace shi baya saye, ladan dubawa kawai yake karɓa kuma ladan ɗaya ne ko bindigar ta yi tsada ko ta yi araha. Duk wanda ya taɓa kai tsohon takobi ko tasa Kasuwar Kurmi ya san zafin abin, wanda zai faɗa maka kuɗin kayan shine kuma mai son saye, to ta ina zai faɗi gaskiya.

Mun yi kiran bidiyo da ƙarfe tara na dare bayan Isha, su can uku na rana, muna zaune a zauren Abba a Gwammaja na jingina wayar da filas ɗin shayi. Ya sa safar hannu fara, ya buɗe gangar da harsashi ke shiga ya nuna mana babu komai ciki tukunna ya fara bayani. Yace ƙirar kamfanin Smith & Wesson ce, Model 19, mai cin harsashi shida, an yi ta a 1973 don cikar 'yan sandan Texas Rangers shekara 150, an buga guda 10,000, daga ciki 8,000 sun fito da wuƙar, lambarsu kuma tana farawa da TR. Ya juya wuƙar ya nuna lambarta ta yi daidai da ta bindigar, yace wannan ya taimake mu sosai.

Daga nan ya ɗauko 'yar tocila ya haska gaban gangar, wallahi ko ta waya ana gani, kowane rami cikin shidan akwai baƙin zobe na ƙuna a bakinsa, ga kuma wani siririn layi da ya zagaye gangar kamar an ja da allura. Yace zoben shaidar an harba ta ne ba sau ɗaya ba, layin kuma na yawan ɗanawa da juyawa ne, su masu tara irin waɗannan abin da suke biya shine sabunta, wadda ba a taɓa ba tana cikin akwatinta da takardunta, da zarar an harba sai kuɗinta ya gangaro kusa da na Model 19 ta gama gari. Kuma mutane da yawa sun saya sun ajiye tun 1973, don haka ba wuyar samu take ba. Yaya tace tabbas Baffa yana zuwa filin koyon harbi da ita. Abba yayi shiru can yace min, tambaye shi zinaren fa. Mutumin yace ado ne na rubutu kawai, ba abin da za a auna bane. Bai yi mana kwana kwana ba, kuma bai nuna gajiya ba duk da sai na fassara wa Abba kowace magana.

Inda na ji haushinsa takardar ce. Yace sati ɗaya, sai da muka yi sati uku, malam yana jira 'yan uwa suna ta kira na kamar ni na riƙe, na tura saƙo sau huɗu kafin ya amsa ɗaya. Da ta zo kuma farashi uku ne a ciki, na inshora, na gwanjo, da wanda shago zai biya nan take, babban cikinsu ma bai kai dala 2,000 ba. Rabon gado lamba ɗaya yake so, da ya tambaye mu tun farko me za mu yi da takardar da ya rage mana rigima, don kwana biyu aka yi ana ja, masu son a ɗauki na sama da masu cewa na ƙasa. Biyan ladan ma katina na naira ya ƙi wucewa sai Yaya ce ta biya.

Duk da haka in wani ya tambaye ni zan ce ya je wajen irinsa, amma ya faɗa masa tun a kiran farko cewa na gado ne kuma ya tsayar da ranar takarda. Malam ya ɗauki farashin gwanjo bayan an cire la'ada, Yaya tace ita zata riƙe bindigar tunda hannun mahaifinta ne ya yi wannan layin, aka cire kuɗin daga kasonta, Abba ya sa hannu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.