Robar motsa jiki mai launi biyar: ta ɗaure jiki, tumbi kuwa wata magana ce

Robar motsa jikin nan da ake ta tallarta a WhatsApp da Facebook ta ci kuɗinta, amma ba don abin da masu tallar ke faɗi ba. Su cewa suke tana narkar da tumbi. Ba ta narkarwa. Abin da na ga ta yi shi ne ɗaure damtse da cinya da gadon baya, sai kuma ta rage min ciwon ƙugun da nake tashi da shi duk ranar da na wuni tsaye gaban allo.

Ni malamar firamare ce, ina zaune wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Zuwa gidan motsa jiki ba ya cikin lissafina: ga kuɗin wata, ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, sannan maigida ba zai lamunci in je ina tsalle cikin maza ba, ni ma ba zan so ba. Su maza abin ya zo masu da sauƙi, mutum ya ɗaura takalmi ya nufi wajen filin wasa na Muhammadu Dikko da sassafe. Mu sai tsakar gida.

A wani shagon kayan ƙwallo cikin gari na saya, kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai matsakaicin kyau ba. Cikin jakar akwai robobi biyar masu kama da ƙaramin tiyo, mariƙi biyu, maɗaurin ƙafa biyu, da wani ɗan kirtani mai dunƙule a kai wanda ake maƙalewa a ƙofa. An rubuta ma kowace roba nauyinta, daga fam 10 har fam 50, wato kusan kilo 23 ke nan babbar. Kada wannan rubutun ya ruɗe ki. Ƙarfin roba yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda kika ja ta, don haka lambar ba ta nufin komai sai an san iya inda aka miƙar da ita. Ni dai ruwan ɗorawar da jar su ne abokan aikina. Baƙar, wadda ta fi kauri, maigida ne ya gaje ta.

Mai shagon ya so ya haɗa min da bel ɗin matse ciki. "Hajiya, wannan shi ne maganin abin gaba ɗaya, ki ɗaura ki ga gumi." Na ce masa, "Malam, a watan Afrilu a Katsina wa ke sayen gumi da kuɗi?" Gumi ruwa ne, kina shan kofi biyu ya koma inda ya fito. Haka shayin rage ƙibar da ya nuna min. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki, aikinsa gudawa, ba ya taɓa kitse.

Inda robar ta burge ni shi ne jan baya. Ki zauna kan tabarma ki miƙe ƙafafu, ki zagayo robar ta tafin ƙafa, ki jawo mariƙan zuwa gefen cibiya, kafaɗu a baya, sannan ki sake ta a hankali kina ƙirga uku. Jan guga ne sak, irin wanda iyayenmu ke yi a bakin rijiya, shi ya sa ba ka ganin damtsensu yana reto. Sakin a hankali shi ne rabin aikin, in kika bari robar ta fizge ki kin yi asarar wahalarki. Bayan wannan sai tsuguno da miƙewa: ki taka robar da ƙafa biyu, mariƙan a kafaɗa, ki yi kamar za ki zauna kan kujera ki fasa. Sau 10 zuwa 12, a huta, a sake. Idan kin kai 15 ba ki ji komai ba, lokacin canja launi ya yi, ko ki haɗa biyu a mariƙi ɗaya. Wannan haɗawar ita ce abin da na fi yaba wa wanda ya ƙirƙiro ta, domin jiki yana sabawa, kuma in ya saba ya daina canzawa.

Ranar farko ba ki jin komai. Washegari da jibi ne cinya ke tsami, har zaman tahiya ya zama aiki. Ba rauni ba ne, yana wucewa da kansa. Zafi mai suka cikin gwiwa ko kafaɗa shi ne abin tsayawa. Mai hawan jini kuma kada ta riƙe numfashi tana ja, ta fitar da iska lokacin da take sa ƙarfi, kuma ta fara jin ta bakin likitanta. Wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, musamman in tiyata aka yi mata, ita ma haka.

To ga aibinta. Abin maƙalawa a ƙofar nan, da ganinsa ka san don ƙofar katako aka yi shi. Namu ƙofofin na ƙarfe ne, aikin mai walda, bakinsu da kaifi, nan da nan suka fara cin kirtanin. Yanzu a ƙarfen taga nake ɗaurawa, bayan na naɗe wurin da tsohon ɗankwali. Soson mariƙin ma ya fara saɓulewa tun da wuri. Mafi muni, koriyar ta tsinke daidai inda take haɗe da ƙugiya, ta tsula min a hannu. Allah ya kiyaye ba ido ba ne, don irin wannan tsinkewar tana raunata ido sosai. Roba ba ta shiri da rana da zafi da maiƙo, ga mu a garin da zafi ke haura digiri 40 kafin damina, hunturu kuma ya busar da komai. Kada a shanya ta a igiyar tsakar gida, kada a taɓa ta da hannun da ya sha basilin. Kafin ki fara, ki ɗan ja ta a gaban haske ki duba ko ta yi tsaga, in ta yi ki jefar. Kuma a ɓoye ta daga yara maza, don su danƙon harbin tsuntsu kawai suke gani.

Takardar da ke cikin jakar ba ta da amfani, hotuna ne ƙanana da Turanci mai karyayyen baya. A YouTube na koyi yawancin abin da nake yi, ɗiyata ce ke sauko min da bidiyon.

Maganar tumbi fa? Jiki ba ya ƙona kitsen wuri ɗaya don an motsa wurin, daga ko'ina yake ɗiba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Robar nan kashi na biyun kaɗai ta ɗauke. Na farkon sai na ƙara da takawa zuwa makaranta maimakon hawa Napep, da tsallen igiya kaɗan bayan sallar asuba, sanye da takalmi saboda siminti ba ya tausayin gwiwa. Tef ɗin tela bai fara nuna min sauyi a ƙugu ba sai da na rage sukari a fura da koko, na bar lemon kwalba sai ranar biki, na mayar da tuwon dare malmala ɗaya, kwaɗon zogale ya cike gurbin. Da tef ɗin nake aunawa, ba sikeli ba. Ga mace, ƙugun da ya wuce santimita 80 alama ce ta a fara kula, 88 kuwa haɗarin ciwon suga da na zuciya ya ƙaru sosai. Ga namiji 94 da 102 ne.

Ƙanwata da ke aure a Daura ta ce in saya mata. Na ce zan saya, amma sai na buɗe jakar a gaban mai shago na ja kowace roba, na duba ɗinkin da ke riƙe ƙugiya. In da hali, mai rigar yadi a kanta zan nema mata, ko da ta fi tsada, don ita in ta tsinke rigar ce ke tare ta.